Wa muke nufi in mun ce "Allah shi zaunar da mu lafiya"?



Akwai wata addu'a wadda ba ta barin bakinmu. Ana yin ta wurin suna, ana yin ta wurin ɗaurin aure, ana yin ta bayan sallar Juma'a. Ko taron ƙungiyar manoma ba ya watsewa sai wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce: "Allah shi zaunar da mu lafiya. Allah shi kashe wutar fitina a ƙasarmu da sauran ƙasashen Afirka." Kowa ya ce amin, a shafa, a tashi. Ƴan'uwanmu Kirista ma haka suke roƙo ran Lahadi cikin majami'unsu.

To, yau shekara fiye da 60 ke nan da yawancin ƙasashenmu suka samu mulkin kai. Addu'a ba ta yanke ba, fitina ita ma ba ta yanke ba. An yi yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa 1970. An yi na Cadi, an yi na Laberiya da Saliyo. An yi kisan Ruwanda cikin 1994, na Darfur ya tashi cikin 2003, cikin 2023 kuma wani sabon yaƙi ya ɓarke a Sudan. Dole mai hankali ya tambaya: addu'ar ce ba ta karɓuwa, ko kuwa mu ne ba mu san abin da muke roƙo ba?

In ka kai tambayar ga dandali za ka ji amsa biyu. Saurayi ɗan lakwal zai ce maka: "Ku daina wahalar da hannuwanku. Wannan duk aikin Nasara ne. Su suka yanka ƙasa kamar naman watanda, su suka haɗa mu faɗa. Addu'a ba ta goge iyaka." Dattijo kuwa zai ce: "Yaro, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Namu roƙo ne kawai." Kowanensu ya riƙe wani yanki na gaskiya. Amma ka lura da abin da ya gama su: duk su biyun sun fid da kansu daga cikin maganar. Wancan ya aza wa Bature kaya, wannan ya aza wa ƙaddara, kowa ya koma gida ba nauyi bisa kansa.

Bari mu fara ba saurayin hakkinsa, don abin da Turawa suka yi ba tatsuniya ba ne. Daga ƙarshen 1884 zuwa farkon 1885 ƙasashe 14 suka zauna a birnin Barlin na Jamus, suka tsara yadda za a raba Afirka ba tare da su kansu sun yi faɗa ba. Babu baƙar fata ko ɗaya a wurin zaman. Ɗauki iyakar da ke tsakaninmu da Najeriya, wadda kowa ya sani. Cikin 1890 Faransa da Ingila suka ja layi bisa takarda daga Sayi zuwa Barruwa, bakin tafkin Cadi. Cikin 1898 suka sake: suka kafa tsinke bisa Sakkwato cikin taswira, suka zana da'ira mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. A takardar nan Ƙonni da Maraɗi duk suna hannun Ingila. Sai Faransawa suka ga hanyar da ta rage musu daga bakin kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. Suka koma ciniki. Cikin 1904 Faransa ta bar wani tsohon hakkinta na kamun kifi a gaɓar tekun Nufanlan, can wajen Kanada, Ingila kuwa cikin abubuwan da ta biya da su har da tura layin nan kudu. Daga 1906 zuwa 1908 kyaftin Tilo da abokin aikinsa na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi.

Ka ji fa! Kakanka na Ƙonni ko na Maraɗi ya kwana talakan Ingila, ya tashi talakan Faransa, da kifi cikin kuɗin cinikin, shi kuwa ba wanda ya tambaye shi. Kafin nan ma ya riga ya ɗanɗana: cikin 1899 rundunar Vule da Shanuwan ta yaƙi Sarauniya a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe mutane ba adadi. Layin kuma bai daina cizo ba. Da Najeriya ta rufe iyakarta cikin 1984, shekarar fari, hatsi ya kasa ƙetarowa, har mutanen Maraɗi suka sa wa yunwar suna El-Buhari.

Abin da aka yi a Ruwanda ya fi wannan muni, don can cikin mutane aka ja layin. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, tudu ɗaya suke zaune, suna auren juna. Bambanci akwai shi tun kafin Turawa, amma bai yi tauri ba kamar yadda ya zama daga baya. Turawan Baljik, waɗanda suka karɓi ƙasar daga Jamusawa bayan yaƙin duniya na farko, suka fid da katin shaida cikin shekarun 1930, aka rubuta wa kowa ƙabilarsa a ciki. Ɗa ya gaji ta ubansa, ba sauyi. Suka ba Tutsi sarauta da lakwal, suka bar Hutu da aikin dole. Da mulkin kai ya matso, wajen 1959, sai suka juya suka goyi bayan Hutu. Cikin 1994, daga watan Afrilu zuwa Yuli, kwana kamar 100, aka kashe mutum wajen 800.000, yawancinsu Tutsi, tare da Hutun da suka ƙi sa hannu. A shingayen hanya katin nan ake tambaya. Kalma ɗaya bisa takarda ita ke raba rai da mutuwa.

Saurayi, ka ga ban rage maka kome ba. Yanzu kai ma ka saurara.

Baljik ta bar Ruwanda cikin 1962. Shekara 32 gwamnatocin ƴan ƙasa suna buga katin nan da sunan ƙabila a cikinsa, ba wanda ya tilasta musu. Addar da ta sari mutum a hannun maƙwabcinsa take. Nan gida kuma, in mun tambayi tsofaffi, za su gaya mana ba Bature ya koya mana yaƙi ba. Katsinawan da jihadi ya kora daga birnin Katsina wajen 1807 su suka kafa sarautarsu a Maraɗi. Gobirawa suka gina Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Shekaru da yawa ana kai hari kudu, ana kawo hari arewa, ana kama ɗiyan mutane ana sayarwa. Damagaram ta yi ta gwabzawa da Kano gab da zuwan Turawa. Da Faransawa suka so a tura musu layi, hujjar da suka kawo ita ce Maraɗi da Gobir da Damagaram ba su taɓa bin Sakkwato ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wani suna da ba mu son ambata, amma dole a ambace shi: Toda. Ƙauye ne cikin ƙasar Gidan Rumji, jihar Maraɗi. Ƙarshen watan Oktoba na 1991, lokacin da manyan ƙasa ke zaune Yamai wurin babban taron ƙasa suna zancen dimokuraɗiyya, rigimar manoma da makiyaya ta tashi can. Manoma suka afka wa Fulani, aka kashe fiye da mutum 100, yawancinsu mata da yara. Babu Bature a Toda. Babu katin ƙabila. Waɗanda suka kashe da waɗanda aka kashe alƙibla ɗaya suke fuskanta. Dalilai akwai su, ban musa ba: cikin 1960 mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne, yau sun haura miliyan 25; gonaki sun cinye burtali, sun kewaye mashaya, bisashe kuma ba su tashi sama. Amma ƙuncin ƙasa bai taɓa kama hannun mutum ya ɗora bisa jariri ba. Mutum ne ya yarda.

Daga nan sai mu juya ga dattijo. Baba, da yawan roƙo kaɗai ke tsare jini, da Ruwanda ta tsira. Tana cikin ƙasashen Afirka da suka fi cika majami'u ran Lahadi. Dubban mutane suka gudu cikin majami'ar Nyamata da ta Ntarama suna zaton ɗakin Allah zai kāre su, can aka bi su aka kashe. Kada Musulmi ya yi murmushi. A Darfur masu ƙone ƙauyuka Musulmi ne, waɗanda aka ƙone wa Musulmi ne, ƙasa ce ta mahaddata Alƙur'ani. Somaliya harshe ɗaya, addini ɗaya, ta rushe cikin 1991 bisa layin dangi. Duk mutanen nan suna ɗaga hannu. Ina tsammani da yawansu sun ce "Allah shi zaunar da mu lafiya" da zuciya ɗaya.

Ga inda nake ganin ramin yake: cikin ƴar kalmar nan "mu". Harafi biyu ce, ɗalibin makarantar manya yakan iya rubuta ta tun makon farko. Amma faɗinta ya bambanta daga baki zuwa baki. Wani in ya ce "mu" gidansa yake nufi. Wani garinsu. Wani masu jin harshensa. Wanda ya rage waje ya zama "su", kuma mutum yana iya roƙa wa "mu" lafiya da safe, da marece ya ɗauki sanda ya nufi "su", bai ji ya saɓa wa addu'arsa ba ko kaɗan.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane wannan, don mun sha zama "su" a garin wasu. Cikin watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. Hausawa da Zabarmawa da Yarabawa, wasu can aka haife su, suka sayar da kayan shekara talatin a kuɗin goro, suka hau manyan motoci. Cikin 1983 Najeriya, wadda aka koro wa ɗiyanta, ita ma ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu ƴan Gana, da namu ƴan Nijar cikinsu. A Sudan akwai Hausawa da Fulani jikokin mahajjata, da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903. Garin Mai Wurno da sunan ɗansa ake kiransa. Cikin watan Yuli na 2022, a jihar Nil Shuɗi, Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya ta kansu. Aka ce musu ƙasa ta ƴan asali ce, su baƙi ne. Faɗa ya tashi, fiye da mutum 100 suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, cikin Oktoba kuma wutar ta sake kamawa.

Da labarin nan ya zo, an yi addu'a cikin masallatanmu, kuma daidai ne. Zuciyarmu ta yi zafi: shekara fiye da 100 mutum yana noma wuri, a ce masa baƙo? To, mai karatu, riƙe zafin nan, kada ka sake shi, ka waiwaya bayan garinku. Bafillacen da kakansa ya yi kiwo a dajin nan tun ba a sare shi ba, me kake kiransa ran da saniyarsa ta shiga wakenka? Buzun da ya sauko da iyalinsa shekarar fari ya zauna gefen gari, jikokinsa har yau "baƙi" ne ko ƴan gari? Kalmar da ta ƙone mu a Sudan ita ce a bakinmu nan. Bafillace da Buzu su ma su tambayi kansu abin da suke kiran manomi in sun koma ruga, don cutar ba ta ƙabila ɗaya ba ce.

Shi ya sa ban yarda da saurayi ba da ya ce addu'a wahalar banza ce. Addu'a ta gaskiya aiki ce mai wuya, kuma wurin da take fara aiki shi ne ƙirjin mai yin ta. Roƙa wa "Afirka" lafiya ba shi da tsada: Afirka ba ta taɓa cin gonarka ba, ba ta taɓa kashe maka akuya ba. Gwada ka ambaci sunan mutanen da ka fi jin haushi. Ka ce Allah shi ba ɗiyansu lafiya, Allah shi yalwata musu abinci, Allah shi tsare su daga sharrin kowa har da naka. Za ka ji harshe ya yi nauyi. Nauyin nan shi ne ma'aunin abin da ke zuciya. Wanda ya saba roƙa wa mutum alheri da sunansa kullum, wuya ne ran fitina a ce masa mutumin nan kyankyaso ne ya yarda.

Ban ɗauko kalmar kyankyaso da wasa ba. Ita ce gidan rediyon RTLM na Ruwanda ya yi ta kiran Tutsi da ita watanni kafin a fara kisa. Baki shi ke yanka wuya.

An ga masu addu'ar da "mu" ɗinsu ke da faɗi. A Ruwanda ɗin nan akwai wani sojan Senegal, kyaftin Mbay Jany, cikin ƴan kallo na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba shi da bindiga. Da ƴar motarsa ya riƙa kwasar mutane kaɗan kaɗan, yana wuce shingaye da raha da lallashi, har ya tserar da ɗaruruwa, kafin ɓarɓashin bam ya same shi ran 31 ga Mayu 1994. Cikin watan Yuni na 2018 kuma, a ƙauyen Ngar na ƙasar Barikin Ladi, jihar Filato, mahara suka koro mutane, yawancinsu Kirista. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara 83, ya buɗe musu masallaci da gidansa, mutum fiye da 260. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce sai dai a fara da shi. Ƙofar ɗakin ibada ce a Nyamata, ƙofar ɗakin ibada ce a Ngar. Abin da ya bambanta su shi ne wanda ya tsaya bakinta.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa mai nauyi ce: "Malam, an kashe mini ɗan'uwa. An kore mini shanu. Ƴan bindiga sun tashi ƙauyenmu. Kana ce mini in roƙa musu alheri?" Wanda bai ɗanɗana ba bai kamata ya yi saurin ba da amsa ba. Abin da zan iya cewa shi ne, addu'a ba ta soke shari'a. Mai laifi a kama shi, a hukunta shi, a biya wanda aka cuta. Ƙasar da ba a yin haka ita ke haifar ramuwa. Roƙa wa azzalumi shiriya bai hana a ɗaure shi ba. Amma mai laifi yana da suna, yana da uba. Ran da ka bar sunansa ka kama sunan ƙabilarsa, ka ce "su duka haka suke", ka yi wa mutum dubu katin da Baljik ta yi wa Ruwanda, da hannunka, ba Bature kusa.

Dattijo kuwa in tuna masa maganar da shi ya koya mana: Allah ya ce tashi in taimake ka. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan cikin watan Mayu na 1990, tawaye ya tashi a arewa. An yi ta roƙo, gaskiya ne. Amma sai da mutane suka zauna da waɗanda suke kira abokan gaba, a Wagadugu da wasu wurare, Aljeriya da Burkina da Faransa suna tsakani, kana aka sa hannu a Yamai ran 24 ga Afrilu 1995. Cikin 2000 aka ƙone bindigogi a Agadas. Wutar ta sake tashi cikin 2007, aka sake zama, ta lafa cikin 2009. Haka zaman lafiya yake, kamar darni: kowace shekara sai an gyara. A ƙauye gyaran ba shi da wani asiri. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da ke shata burtali da mashaya. Akwai ranar sakin gonaki da hukuma ke sanarwa bayan kaka. Manomin da ya noma burtali, da makiyayin da ya saki bisashe kafin ranar, duk biyu sun ƙaryata amin ɗin da suka ce ran Juma'a.

Kakanninmu ma ba yaƙi kaɗai suka bar mana ba. Sun bar taubasantaka: Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme, Bazabarme da Buzu, a zagi juna a kasuwa, a yi dariya, kuma haramun ne a yi fushi. UNESCO ta sa al'adar nan ta Nijar cikin gadon duniya cikin 2014. Sun bar cinikin taki da hatsi, makiyayi ya kwana da garkensa a gonarka da rani, ka ba shi damma. Wannan ma gado ne, kuma shi ba a zauna Barlin aka ba mu shi ba.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafe mu mu masu karatu da masu karantarwa. Mukan ce jahilci ne ke kawo fitina. Ban cika yarda ba. Jerin sunayen waɗanda za a kashe a Ruwanda masu ilimi suka rubuta shi; cikin masu laifin akwai malaman lakwal da magadan gari da ƴan jarida. Alƙalami ba ya zaɓen abin da zai rubuta. Yau kuma rediyon nan ya shigo aljihun kowa: saƙon murya ya zo ta WhatsApp, an ce ƙabila kaza ta yi kaza a gari kaza, ba sunan mai magana, ba rana, hoton ma wataƙila na wata ƙasa ne. Kafin ka tura wa mutum goma, yi abin da aka koya maka a aji in an ba ka takarda: wa ya rubuta, yaushe, me yake so in yi?

Ga wani aiki da malaman makarantun manya za su iya gwadawa. Malam ya rubuta addu'ar nan bisa allo, ya bar gurbi inda "mu" take. Kowane ɗalibi ya cika gurbin cikin littafinsa da sunayen mutanen da ke zaune ƙasarsu: Hausawa, Fulani, Buzaye, Barebari, Zabarmawa, Tubawa, Larabawa, Gurmawa, da baƙin da ke kasuwa, Yarabawa da Ibo da ƴan Togo. Kada malam ya karɓi littattafan, kada ya tambayi kowa. Kowa shi kaɗai zai san sunan da alƙalaminsa ya tsaya kafin ya rubuta. Bayan nan a karanta addu'ar da ƙarfi, da sunayen duka, a ga yadda amin za ta fito. Ajin da ya gwada, ya rubuto mana abin da aka tattauna.